Gahawa a Kaskon Gyaɗa

"Lafiya lau. Ya kwanan iyali?"

"Ai ke ce iyalin, Hansai. Ga ki nan kwance har rana ta hau katanga."

"To iyalinka ba su karya ba. Me ka kawo musu?"

Muhyiddeen yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin kakarsa, riƙe da ɗan faranti, a kan farantin kuma akwai finjali guda wanda bai fi ƙwan zabuwa girma ba. Ni ina kan tabarmata a gindin darbejiyar tsakar gida, inda nake wuni tun da gwiwa ta raba ni da gonata ta Kausani. Ni ƙanin mijin Hansai ne. Yayana ya rasu shekara tara ke nan, ya bar mu cikin gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, don haka abin da ya faru a idona ya faru.

Hansai ta miƙo hannu tana laluben farantin, don idonta ya yi yana, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa. Ta ɗauki finjalin ta kai hanci.

"Allon wa ka wanke ka kawo mini tawadar?"

"Esfireso ake ce masa, gahawa ce mai kauri. A Italiya manyan mutane ke shan sa."

"Manyan mutane, da wannan ɗan abin? Ashe a can ma akwai marowata irinka. Kaza ka ba wa wannan sai ta bi ka tana neman ƙari."

"Shi ba cika ciki ake yi da shi ba. Ɗanɗano ake nema."

"Haka duk mijin da ya kasa ciyar da gida yake cewa."

Ta ɗan taɓa da harshe, ta yamutsa fuska. Sai ta ce masa ya ƙona abin. Ta ce ba ta san ko ɗan wace bishiya ba ne, amma duk wanda ya soya shi ya ƙona bayansa ya bar cikinsa ɗanye. Muhyiddeen ya leƙa cikin finjalin. Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani.

Ya kamata in faɗi yadda Hansai ta koma zaman ɗaki. Shekara arba'in tana suyar gyaɗa a Wudil. Direbobin da ke tsayawa a bakin gada sun san gyaɗarta, har wasu sukan ce a ba su ta Hansai ko a bari. Da ido ya fara gazawa ta daina fita, amma ba ta daina suya ba, a gida take yi ana zuwa ana ɗauka. Wata uku kafin wannan safiya, gefen zaninta ya kama wuta a bakin murhu. Allah ya taƙaita, ta kashe da hannunta, sai ɗan tabo a ƙauri. A ranar ɗanta Yahuza, uban Muhyiddeen, ya ɗauki kaskon suyar ya kai sito ya datse da kwaɗo, ya aiko matarsa ta ce wa tsohuwa ta huta haka nan.

Yahuza kuwa ɗan farinta ne. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama su yi hira, ba ta roƙonsa abu baki da baki. Shekara hamsin da bakwai ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "wancan", ko ta ce wa jikoki "ubanku". Shi ma in ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kai a ƙasa, lafiya lau, lafiya lau, ya tashi. Don haka ita ba ta da bakin da za ta ce a maido mata da kaskonta, shi kuma ba shi da bakin da zai tambaye ta me ke damunta.

An ce ta huta, ta kuwa huta. Ta daina fitowa tsakar gida. Tuwo ya fara dawowa rabi daga ɗakinta. Na taɓa ce wa Yahuza akwai hutun da ke gajiyar da mutum. Ya ce ya ji, amma shi wutar nan ce ba ta fita daga idonsa. Ban ƙara ba, don shi ma da gaskiyarsa.

Shi kuwa Muhyiddeen malamin lissafi ne a wata sakandare a nan garin. Tun da aka tura shi wani kwas Abuja ya ɗanɗano gahawar nan mai kauri, ya dawo da ita a zuci. Ya sayo wani inji da ba ya cin wutar lantarki, mai hannu biyu da ake ɗagawa a danne, wanda Hansai ta shafa sau ɗaya ta raɗa masa suna tuƙa-tuƙar 'yartsana. Kullum bayan asuba sai ya auna 'ya'yan gahawa a sikeli, ya niƙa a wani ɗan abin niƙa na hannu, ya danne garin, ya zuba tafasasshen ruwa, ya matse. Abin da ke ɗigowa ba ya cika cokali uku. Ba sayarwa yake yi ba, ba kuma wanda ya sa shi. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru.

Da ya ga soyayyar da ake sayowa a Kano takan daɗe ta sha iska, sai ya ce shi zai riƙa soya tasa. Wani abokinsa Nu'uman da ke aiki a Gembu ya riƙa aiko masa da ɗanyun 'ya'ya, kore-kore, masu warin ɗanyen wake. Sau uku ana aikowa, sau uku yana soyawa a kaskon tuya na ƙarfe a kan gas, idonsa a kan agogon waya, sau uku muna tari a gidan nan. Abin da ya rage masa bai kai mudu ba, kuma Nu'uman ya ce babu wani sai an sake girbi.

"Ke da gyaɗa kawai kika sani," in ji Muhyiddeen a safiyar nan. "Wannan aikin masu ilimi ne. Akwai minti, akwai ma'aunin zafi."

"Ilimin ne ya sa gidan nan yake wari kamar an ƙona taya?"

"Gwaji nake yi."

"A kan huhunmu."

Ya ce ai ita ma da za ta iya da ta yi, amma tsufa ya riga ya karɓe hannun. Ta ce hannun da ya soya gyaɗar da aka yi wa ubansa kuɗin makaranta da ita bai mutu ba tukuna, kuma in aka ba ta tsakuwa ma za ta soya ta nuna har ciki. Ya ce to ta soya mana. Ba ta ce da wane kasko ba. Ta juyar da kai wajen bango.

Na lura a daidai lokacin rediyon da ke zaure, inda Yahuza ke zama da safe, ya rage murya.

Muhyiddeen ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce ba komai, dama ya yi shawarar kai sauran 'ya'yan wurin Fatsuma 'yar Utai ta soya masa. Fatsuma ita ce ta gaji wurin zaman Hansai a bakin gada. Shekara ashirin suna gaisawa da fara'a, kowace tana cewa gyaɗar ɗayar abincin awaki ce.

"Fatsuma?"

"An ce yanzu duk Wudil babu kamarta."

"Wa ya ce? Marasa haƙori? Matar da take soya gyaɗa kamar tana jin haushinta?"

"Ita dai tana gani."

"Tana gani take ƙonawa. Kawo abin nan in duba."

"Da wane idon?"

"Da hannun da na yi maka wanka da shi ranar sunanka, kana ta ihu kamar ɗan akuya."

Ya raba 'ya'yan biyu, ya zuba mata rabi a ƙwarya, ya ce ta shafa kawai ta ji yadda suke, kada ta yi musu komai. Ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta.

Hantsi bai gama dubawa ba sai na ga labulen ɗakin Hansai ya motsa. Ta fito tana bin bango, ƙwaryar a hannu. Ta je randa ta ɗebi ruwa, ta lalubo gishiri a madafa ba tare da ta tambayi kowa ba, ta zuba, ta juya da yatsa, ta ɗanɗana, ta ƙara kaɗan. Ta zuba 'ya'yan gahawar a ciki. Haka ake yi wa gyaɗa kafin suya, a jiƙa ta a ruwan gishiri, a tsane, a shanya. Bayan wani lokaci ta tsame su ta baza a faifai, ta bi zafin rana da tafin ƙafa har ta samu inda ya fi, ta ajiye, ta jawo kujera ta zauna gadin kaji.

Na ga lokacin da ta zuba gishirin, kuma ina zaton ba haka ake yi wa gahawa ba. Amma wata uku ban ga Hansai tsaye a tsakar gida ba. Sai na gyara zama na ci gaba da jan carbina.

Bayan azahar Muhyiddeen ya dawo. Ya tsaya a kan faifan, ya ɗauki ƙwara ɗaya wadda gishiri ya yi wa fari-fari, ya lasa. Na ga fuskarsa ta canza, don abin ya taɓa shi da gaske. Ya dubi faifan, ya dubi tsohuwar da ke zaune a waje da sandar korar kaji a hannu, ya sake duban faifan. Ya haɗiye abin da ya taso masa.

"Hansai, kin kashe ni."

"Da ka mutu da ban ji muryarka ba."

"Gishiri kika sa wa gahawa?"

"Lami ka kawo mini. Ni ban taɓa ɗora abu lami a wuta ba."

"Daga Gembu fa aka kawo su. Kwana biyu a mota."

"Duk nisan nan ba a samu mai gishiri a hanya ba?"

Ya ce a duk duniya ba a taɓa yin haka ba. Ta ce shi ya sa duk duniya suke sha a ɗan finjali, don ba ya shayuwa. Ya ce zai kai ƙararta wurin mai unguwa a raba auren nan. Ta ce ya je, ita ma za ta tafi da finjalin a matsayin shaida, mai unguwa ya ga abin da ake ciyar da ita da shi. Da aka kawo tuwon rana, a nan waje ta ci, tana ci tana zaginsa, har ta suɗe kwanon ba ta lura ba.

Da la'asar ta gabato ya shiga zaure wurin ubansa. Daga inda nake ina jin su. Ya ce yana son aron kaskon da ke sito, zai soya gahawa, don na ƙarfe yana ƙona masa. Yahuza ya tambaye shi wa zai soya. Ya ce shi zai riƙe wuta. Yahuza ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Can Yahuza ya ce kaskon nan ba na aro ba ne, ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci.

Da Muhyiddeen zai naɗe buzun da uban ya tashi a kai, sai ga mabuɗin sito a ƙarƙashi. Yahuza mutum ne da ko wanka zai shiga da mabuɗansa yake shiga.

Washegari Asabar, babu makaranta. Da sassafe aka fito da kaskon, baƙi wuluk, na yumɓu, mai faɗin faifai biyu. Hansai ta shafa shi tun daga baki har gindi, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta saurara, ta ce bai tsage ba. Sai ta ce a je bakin kogi a ɗebo mata yashi, mai laushi, ba irin wanda tifa ke ɗiba ba, don ita a cikin yashi take suya.

Nan aka sake sabon rikici. Muhyiddeen ya ce ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga abin niƙansa haƙoran sun tafi ke nan. Ta ce ita shekara arba'in tana tankaɗe yashi daga gyaɗa ba wanda ya taɓa karya haƙori.

"Naki haƙoran ina suke?"

"Goro ya ci su, ba yashi ba. Kai dai ka ji kunya, ɗan Wudil mai tsoron yashi."

Ya roƙe ta, har da kiranta amarya sarauniyar mata. Ta ce to ta yafe yashin, amma ya sani, yashi shi ke raba zafi daidai, in babu shi hannu ba zai tsaya ba ko na ƙiftawar ido, kuma wutar sai ta zama mai ladabi. Suka shirya a kan shi ne mai wuta, ita ce mai juyi. Ta naɗe zaninta tamau ta soke, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta zauna a kujera 'yar tsugunno. Ya ba ta ludayin ƙarfe mai dogon hannu, ta auna nauyinsa ta ce na malalata ne, amma ta riƙe.

A gefen murhun akwai bokiti cike da ruwa. Na tambayi Muhyiddeen daga baya, ya ce ba shi ya ajiye ba. Matan gidan ma sun ce ba su ba ne.

Aka fara da rabin da bai ga gishiri ba. Muhyiddeen ya danna agogon wayarsa ya ce minti goma sha biyu za a yi. Hansai ta ce ya gaya wa wayar ta zo ta karɓi ludayin. Ta fara juyawa, daga gefe zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa gefe, ba sauri ba nawa, kanta a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan katanga. Tana yi tana ba shi umarni, ya tura itace, ya ja baya, ya daina hura wuta kamar mai jin yunwa. Da farko wari ya tashi kamar na ɗanyen ciyawa. Daga baya ya koma kamar burodi a gidan gashi. Muhyiddeen yana ta ba ta labarin launi, ya ce sun yi rawaya, sun fara ja. Ta ce ya yi mata shiru, launi na masu ido ne.

Can sai muka ji ƙas. Sai wani ƙas, ƙas, kamar ana karya siraran kara.

"Sun fara magana," in ji Hansai. "Rage wutar."

Ya rage. Ƙarar ta yi yawa, ta cika kaskon, sannan ta fara raguwa. Hansai ta matso da hanci, hannunta bai tsaya ba.

"Zare itacen."

"Saura minti biyu."

"Zare."

"Hansai, waya ta ce saura minti biyu."

"Wayarka tana da hanci?"

Bai motsa ba, idonsa a kan wayar. Sai ta saki ludayin, ta lalubo tsumma a gefenta, ta miƙa hannu biyu za ta kama bakin kaskon da kanta, wutar kuwa tana lasar gefensa. Na ji motsi a bayana. Yahuza ne a ƙofar zaure, ya riga ya jefo ƙafa ɗaya cikin gida. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Muhyiddeen ya yar da wayar a ƙasa, ya zare itacen, ya karɓe tsumman daga hannunta, ya sauke kaskon ya juye a faifai. Hansai ta karɓi faifan ta shiga sheƙewa, ɓawon yana tashi yana sauka a kan kafaɗunta. Ba ta juya wajen zaure ba, amma ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata don mutumin da ke gabanta ya ji.

"Kai da kake tsalle, zanina a soke yake. Sau ɗaya na yi sake a shekara arba'in. Ba na yin abu sau biyu."

Muhyiddeen ya san ba da shi ake ba. Da na waiwaya, ƙofar zaure babu kowa.

Ya ɗebi 'ya'yan a tafin hannu yana busawa. Duk launinsu ɗaya, kamar fatar dabino, babu baƙi babu fari. Ya fasa ɗaya da haƙori ya duba cikinta, ya ga yadda bayan yake haka cikin yake. Ya daɗe yana kallo. Hansai ta tambaye shi ko ya mutu ne. Ya ce sa'a ce kawai ta yi. Ta ce to a zubo masu gishirin ya ga sa'a ta biyu. Ya ce waɗannan ai sun riga sun lalace. Ta ce ba a jiƙa abu a gidanta a zubar. Haka ya sake hura wuta, ta soya su, su ma suka fito sumul.

Ni na zaci a ranar za a sha. Sai Muhyiddeen ya zuba kowanne a kwalbarsa ya rufe, ya ce sai sun huta kwana huɗu. Hansai ta ce ita da ta yi aikin ba ta nemi hutu ba, sai su da aka juya. Ta ce gidan nan dai an iya ba da hutun da ba a roƙa ba.

Kwana huɗun nan kaskon yana jingine a bangon ɗakinta. Ba wanda ya ce a mayar da shi sito, ba kuma wanda ya ce a bar shi. Yahuza yakan wuce ta gabansa in ya zo gaisuwa, ya dube shi, ya durƙusa, lafiya lau, lafiya lau, ya tashi. Ita kuma kowace safiya in ta fito, kafin ta nemi buta, sai ta miƙa ƙafa ta taɓa gefensa. Tana yi kamar tuntuɓe ne.

Ranar Laraba bayan an dawo daga sallar asuba, Muhyiddeen ya fito da kayansa tsakar gida ya jera a kan tebur. Ya auna, ya niƙa, ƙamshi ya tashi har matan gidan suka leƙo. Ya danne garin, ya zuba ruwan zafi, ya ɗaga hannayen injin ya danno su a hankali. Abin ya zubo siriri kamar zuma, da kumfa ja-ja a samansa, irin wadda bai taɓa samu ba. Ya yi finjali biyu, ɗaya daga kowace kwalba, ya ɗora a faranti ya kai gaban Hansai.

"Ɗaya naki mai gishiri, ɗaya nawa. Ki sha ki faɗi wanda ya fi, in kina da gaskiya."

Ta sha na farko, ta tattare baki, ta ce wannan ko maƙiyi ba a ba shi. Ta kurkure baki ta sha na biyu. Ta sake kurɓa, ta bar shi a kan harshe.

"Wannan ne nawa. Ka ji yadda gishiri ya kwantar da ɗacin? Har wani zaƙi-zaƙi yake yi a ƙarshe."

"Wannan ne marar gishirin, Hansai."

"Ƙarya kake."

"Malam shaida ne. Malam, wace kwalba na buɗe daga baya?"

Na ce ni idona yana kan carbi, amma kamar na ga mai jan murfi, wadda ba ta ga gishiri ba. Hansai ta ajiye finjalin. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabon da a ji ta a gidan nan tun kafin zanin nan ya kama.

"To na ji, gishirin bai yi ba. Amma wa ya soya wanda ya yi ɗin?"

"Ni na riƙe wuta."

"Murhu ma yana riƙe wuta, ba a taɓa yaba masa ba."

Ana cikin haka Yahuza ya shigo gaisuwa. Ya durƙusa a inda ya saba, suka yi lafiya lau ɗinsu. Muhyiddeen ya matso masa finjali daga kwalba mai jan murfi. Yahuza ba mai shan gahawa ba ne, amma ya karɓa ya shanye a kurɓi biyu, ya juya finjalin a hannu yana duban ƙasa. Sai ya yi magana da ɗansa, kamar su biyu ne kawai a wurin. Ya ce ya sa buhunan taki a inda kaskon nan yake, yanzu babu wuri a sito, a bar shi inda yake. Amma duk ranar da za a hura wuta a ƙarƙashinsa, Muhyiddeen ne a bakin murhu daga farko har ƙarshe, in ba ya nan babu wuta. Muhyiddeen ya ce ya ji.

Ni na san sito, kuma na san buhu biyu ne kacal na taki a ciki.

Hansai tana ta gyara bakin gyalenta kamar ba ta ji ba. Sai da Yahuza ya miƙe ya kai tsakiyar gida ta ce wa jikanta, "Ka ce wa mai taki Allah ya ba da damina mai albarka."

Yahuza ya ɗan tsaya, bai juyo ba. Ya ce amin a hankali, ya shige zaure. Jim kaɗan rediyo ya dawo da muryarsa.

Asabar ta gaba aka ɗebo yashi daga bakin kogi, mai laushi. Muhyiddeen ya zauna a bakin murhu tun hantsi, hayaƙi yana sa shi hawaye, yana cewa shi da digirinsa an mai da shi ɗan hura wuta. Hansai ta ce ai yanzu ne digirin ya samu aiki. Ta soya gyaɗa tiya biyu, ta tankaɗe, ƙamshi ya haura katanga har maƙwabta suka aiko tambaya ko da gaske ne. Ta cika kwano ta ce a kai zaure, ba ta faɗi ko na wa ba. Ni ma ta zubo mini a hular da na miƙa.

Muhyiddeen ya share zufa ya miƙo hannu biyu, ya ce saura ladan mai wuta. Ta ce ya kawo mata finjalin nan nasa. Ya kawo. Ta ɗebi gyaɗa ta zuba a ciki a hankali, ta shafe bakin da yatsa don kada ta yi tozo, ta ɗora a kan ɗan farantinsa, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya leƙa ciki. "Hansai, ƙwara goma sha ɗaya ce fa."

"Ba cika ciki ake yi da ita ba. Ɗanɗano ake nema. A Italiya haka manyan mutane ke cin gyaɗa."

Ya dubi finjalin, ya dube ta, sai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya sallama, ta ci shi, daga yau ita ce maigida shi ne amarya. Ta ce ba ta karɓa ba, don amaryar da ba ta iya suya ba ta fi ƙarfinta. Sannan ta lalubo aljihun rigarsa ta cika shi da gyaɗa mai zafi har sai da ya yi tsalle.